Talatar da Maikuɗi Ya Faɗa a Shago

A Birnin Gwari mutum ba ya faɗin ranar tafiyarsa. Tun da daji ya ɓaci aka daina. Wanda zai bi hanyar Kaduna ran Laraba sai ya ce Asabar, don ba a san kunnen da ke kai wa 'yan bindiga labari ba. Ƙarya ce, a kira ta da sunanta, amma ta tsira da rai ce. Maikuɗi mai shagon taki kam ya wuce gona da iri. Ko Tabanni za shi duba masara, sai matarsa Ruƙayyatu ta ji rana uku daban-daban.

Amininsa tun na ƙuruciya shi ne Philemon, manomi. Timothy ɗan Philemon injiniya ne a wani kamfanin haƙar ma'adinai a Lima, babban birnin Peru, can Kudancin Amurka. A gidan Maikuɗi ya zauna lokacin yana sakandare, saboda haka da ya samu hali ya ce iyayen nasa biyu su zo su yi 'yan kwanaki su ga gari.

Maikuɗi bai san inda Peru take ba. Ya tambaya ko ta wajen Makka ake bi, aka ce baya ake juya mata. Amma da ya ji birnin a bakin teku yake, magana ta ƙare. Bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Kaduna ba, kuma yana so ya ga wanda ba a hango ƙetarensa kafin ya mutu. Philemon kuwa tsofaffin majami'u yake son gani, da kasuwar da ɗansa ya ce ana sayar da dankali iri-iri.

"Ka ƙetare duniya don ka kalli dankali?" in ji Maikuɗi.

"Ya fi naka. Ruwan ma da ba ya shayuwa."

Ranar da Timothy ya bugo waya, akwai wani baƙo a shagon, ya daɗe yana taya buhun taki bai saya ba. Wayar Maikuɗi kuwa duk layi ake jin ta.

"Baba, biza ta fito. Wace rana za ku tashi daga Abuja, in yanki tikiti?"

Asabar ce a ran Maikuɗi. Ya dubi baƙon, ya ce da ƙarfi, "Talata," sannan ya kanne wa wayar ido ɗaya. Bai sake bi ta kan maganar ba. A ganinsa Timothy ɗan gari ne, ya san ranar da aka faɗa a shago ba rana ba ce.

Da la'asar ya sami Philemon a gona, ya rage murya ya ce, "Juma'a mu bar gari, Asabar mu hau jirgi." Philemon ya yi murmushi, ya ce, "Na gane."

Ran Talata da hantsi Maikuɗi ya je gidan aminin nasa tambayar ko za a buƙaci rigar sanyi. Lydia matar Philemon ta fito, ta gan shi, ta tsaya riƙe da tsintsiya.

"Maman Timothy, ina maigidan?"

"Ya je Kazage," ta ce, tana leƙen waje. Sai ta yi ƙasa da murya. "Kai Malam, ka iya. Har da zuwa tambaya."

Bai gane me ya iya ba. Maƙwabci ya ce Kakangi Philemon ya tafi. A tasha direbobi suka rantse ba su sa shi a ido ba. Wayarsa ba ta shiga. A garin nan kuwa in mutum ya ɓace haka, waje ɗaya ake tunani. Maikuɗi ya koma wajen Lydia yana zufa, ya ce a tara mutane. Ta dube shi kamar ya taɓu. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Philemon ne.

"Maikuɗi, kana ta ina? Na duba masallacin filin jirgi ba ka ciki. An fara layi."

"Wane filin jirgi?"

"Na Abuja mana! Jiya na kwana a nan. Ga tikitinmu Timothy ya turo wayata, yau Talata."

"Ba Asabar na ce maka ba?"

"Shi ya sa na san Talata ce."

"A gona fa na faɗa maka, daga ni sai kai!"

"Yaushe rabon da ka faɗa mini ranar gaskiya? Ko bikin Karima 'yarka sai da ka sa na zo washegari."

"To me ya hana ka biyo mini mu tafi tare?"

"Na ce dabararka ce, kowa ya fita ta hanyarsa. Har yaba maka na yi."

Maikuɗi ya buɗe baki, ya rasa wanda zai zaga. Timothy gaskata shi ya yi, Philemon kuma ƙaryata shi, kuma kowanne ya yi daidai. Ko fiffike gare shi ba zai isa Abuja ba. Ya ce, "Tafi ka ga ɗanka. In ka je bakin ruwan ka kalla mini da kyau."

Ya koma gida ya tarar da Ruƙayyatu tana ninke masa kaya a akwati.

"Bar shi haka," ya ce. "Babu tafiya. Jirgi ya tafi."

"To," ta ce, ta ɗauko wata rigar ta ninke. "Allah ya kai ku lafiya."