Ginshiƙin Kamfani

Shekara da shekaru Baba Dogo yana gadin ƙofar ma'aikatar ruwa a kan ɗan bencinsa, ko tsintsiya ba a taɓa sata ba. Kwatsam sai gwamnati ta sauya dokar kwangila: kuɗin maigadi na tsaye daban, na zaune daban, kuma na tsayen ya fi tsoka. Kafin azahar manajan kamfanin gadi ya zo da kansa ya kinkime bencin.

"Ranka ya daɗe, gwiwata fa?" in ji Baba Dogo.

"Baba, babu gwiwa a cikin kwangila."

Gwiwar kuwa tana nan, kullum a kumbure. Aikin nan shi ne cinsa, shi ne shansa, da shi yake riƙe da jikokinsa. Sai ya koyi jingina da katanga.

Nan fa ake yin ta! Mai duba kwangila na ma'aikatar ya ce jingina ai zama ne da bai ƙarasa ba. Manaja ya rantse tsayuwa ce da ta gaji. Aka kafa kwamiti. Manya suka baje a kujeru masu taushi cikin inuwa, suna shan lemo suna kallon tsoho yana jingine. Hukuncinsu shi ne katangar gwamnati ce ke ɗauke da rabin Baba Dogo, don haka rabin kuɗi za a biya kamfani.

Manaja ya hau ya fashe. Washegari ya kawo magini, aka tayar da ginshiƙi a bakin ƙofa da simintin kamfani, aka shafe shi da fentin kamfani.

"Jingina nan, Baba. Wannan namu ne."

Baba Dogo ya ji daɗi har ransa, kullum da safe sai ya goge shi da tsumma.

Kwamiti ya dawo. Shugabansu ya zagaya ginshiƙin, ya ƙwanƙwasa shi, ya dubi manaja.

"Yana zama?"

"Bai taɓa ba, yallaɓai."

"Jingina fa?"

"Ai da shi ake jingina."

"To, doka tsayuwa ta ce a biya, ga mai tsayuwa nan. A biya cikakken kuɗinsa. Shi kuwa tsohon nan ya daina ɗora wa ma'aikaci nauyi."

Baba Dogo ya tuntsire da dariya. Da ya waiga ya ga manaja ba dariya yake ba, kallon ginshiƙin yake kamar ya tsinci ɗansa da ya ɓata, sai tsohon ya haɗiye dariyarsa. Ginshiƙi ba ya karɓar albashi.

Ƙarshen wata manaja ya karɓi hular aikin Baba Dogo. Ya yi ɗage ya yi ɗage, hannunsa bai kai saman ginshiƙin ba.

"Baba, taimaka ka ɗora masa."

Tsohon ya karɓa ya ɗora, ya gyara mata zama. Ya ɗan matsa kusa da ginshiƙin, ya rage murya.

"Ka riƙa lura da ƙofar baya, sakatarta ba ta kamawa."

Ya juya ya kama hanyar gida yana ɗingishi.