Kaskon Inna Dorisa

Ni ce mai rabon gurasa a unguwarmu ta majema a Urushalima, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Tun ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko mana muka daina cewa nawa da naka. Mai gona ya kawo sha'ir, mai zaitun ya kawo mai, ni Shifra na kawo tanderuna da bakina, wanda mijina Hananel ke cewa ya fi tanderun zafi. Kowace safiya nakan ɗora kwando a ka, in bi ƙofofin matan da mazansu suka rasu.

Muna da wata al'ada da mu muka ƙirƙiro ta. Ba ma son mai azumi ya yi shela, don haka duk wadda ke azumi sai ta kife kaskonta a bakin ƙofa. In na ga kasko a kife, sai in wuce ba tambaya. Mun yi alfahari da wannan dabara ƙwarai, amma ba wanda ya tuna ya gaya wa baƙi.

Inna Dorisa baƙuwa ce, tsohuwa 'yar Iskandariya. Ta zo idi da mijinta, suka ba da gaskiya tare, shi kuma ya rasu bayan wata biyu. Helenanci, yaren Girkawa, kaɗai take ji. Da mijin yana da rai shi ke tare ni a hanya ya karɓi nasu. Bayan mun binne shi na isa ƙofarta, na tarar da kasko a kife, ita tana zaune daga ciki. Na yi mata murmushi na wuce. Washegari ma haka, har kwana tara.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne yadda na riƙa yawo da labarinta.

"Ke Ketura," na ce wa ƙanwar mijina a bakin rijiya, "ke da azumin wuni ɗaya ke sa ki kuka, je ki ga baƙuwa. Kwana bakwai!"

"To Yaya, ke kwana nawa kika yi?"

"Wa zai gasa muku in na faɗi? Rufe mini baki."

Ran kwana na takwas Inna Dorisa ta lallaɓo ta zo taron addu'a a gidan wani masaƙi. Ta miƙe tana rawar jiki, ta ɗaga hannu, ta yi ta magana da yarenta tana hawaye. Ba mai jin Helenanci a taron ran nan, sai muka ce Ruhu ne ya sauko mata. Muka amsa da amin da ƙarfi, ni na fi kowa ɗaga murya. Da aka zo kakkarya gurasa, ni da kaina na tsallake ta, don kada in ɓata mata azumi.

Kwana biyu bayan haka ina kwasar gurasa daga tanderu, sai ga Lisimaku, wani majemi daga cikin 'yan'uwa masu Helenanci, ya faɗo gidana ko sallama babu.

"Shifra, me tsohuwar nan ta yi miki?"

"Wace tsohuwa? Ka shigo mini gida kana warin fata kana ihu?"

"Dorisa! Na same ta a ƙasa, ko tashi ba ta iya yi. Kwana goma ba ta sa komai a ciki ba sai ruwa."

"Ai azumi take yi. Kaskonta a kife yake."

Ya tsaya yana kallona kamar zai mare ni.

"Wanke shi take yi ta kife saboda ƙudajen majema, 'yar'uwa. Wa ya gaya mata zancen kaskonku?"

Na bar gurasa tana ƙonewa, na dama kunun sha'ir, muka fita da gudu.

Ta rame har na kasa gane ta. Na durƙusa, na tallafo kanta, na kai cokali bakinta, sai ta kau da fuska ta yi wa Lisimaku magana a hankali.

"Me ta ce?"

"Wai ki fara gaya mata laifin da ta yi, don ta tuba. Ta ce ta tambaya a gaban taro, duk kuka ce amin."

"Ka ce mata ba ta yi komai ba. Ka ce Inna, ni ce, ni ce jakar. Don Allah ta sha."

Ya faɗa mata. Ta daɗe tana dubana, sannan ta buɗe baki ta karɓi cokali uku. Na huɗun ya dawo. Na zauna da ita wuni biyu ina roƙon Ubangiji da duk irin addu'ar da na iya. Ketura ta kira dattawa suka ɗora mata hannu, suka shafa mata mai. Ta cika ran Juma'a da hantsi, muka yi sauri muka binne ta kafin Asabar, ranar hutunmu, ta shiga.

A hanyar dawowa na tare Lisimaku, don akwai tambayar da ke damuna.

"Me ya sa ba ta kira ni ba? Ko hannu ta miƙo, ai da na gane."

"Na tambaye ta," in ji shi. "Ta ce da kina wucewa fuska a ɗaure, da ta ce mantuwa ce, ta kira ki. Amma kullum sai kin tsaya, kin dube ta ido cikin ido, kin yi mata murmushi, sannan ki wuce da kwandon."