Lambar da Baba Ya Gyara

Wanda bai taɓa ɗaukar kifi mai rai a mota ba, ba zai gane abin da ya hana Mai Kifi tsayawa gaisuwa a hanya ba. Har cewa ake yi girman kai ne ya kama shi tun da ya sayi a-kori-kura. Ina girman kai ga mutumin da ko wanka ya yi ƙarni ba ya barinsa? Maganar guda ce: karfasa a cikin tanki, muddin mota tana tafiya, ruwa yana kaɗawa, iska tana shiga, to tana numfashi. Mota na tsayawa ruwa ya kwanta, jim kaɗan sai ka ga bakuna sun taso sama suna haki. In tsayuwar ta yi tsawo, sai dai a zo maka jaje.

Ran nan kuwa ba kifin sayarwa ya ɗauko ba, iyaye ne. Shekara da shekaru yana zaɓe, ya ware wannan ya bar wancan, har ya samu irin da ke saurin girma kuma ba ya laulayi. Duk ƙananan kifin da yake sayar wa masu kiwo daga cikin waɗannan suke fitowa. Tsohon tafkinsa ya tsage yana yoyo, ya gina sabo a wancan gefen gari. Da safe ya kwashe su kaf ya zuba a tankunan roba biyu da aka yanke wa kai, ya rufe da raga, ya ɗaure a bayan mota. Bai bar ko ɗaya a baya ba, don babu ruwan da zai bar shi a ciki.

Sai dai kafin a hau hanya, dole a faɗi zancen lamba.

Lambar bayan motar ta daɗe da koɗewa. Ruwan tanki ne yake zubo mata kullum, ga rana, har baƙaƙen suka zama sai an matso ake karanta su. Kwanakin baya wani jami'in hanya ya tsayar da shi, ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya ce ya je ya gyara, in ya sake ganinta haka zai gamu da shi. Mai Kifi ya kawo zancen gida a kan abinci, ba don komai ba sai don a yi hira.

Surukinsa yana zaune a gefe yana ji. Tsohon mai zanen allunan shaguna ne, rabin sunayen da ke saman ƙofofin kasuwa hannunsa ne ya rubuta su, kafin injin buga rubutu ya zo ya raba shi da sana'a. Tun da tsohuwarsa ta rasu ya dawo gidan 'yarsa, kuma tun da ya dawo yake zaman baƙo. Ba ya ƙara abinci ko an yi masa tayi, ba ya sa baki a magana, hannunsa na dama yana ɗan kakkarwa a kan gwiwa. Amma da ya ji an ambaci baƙaƙe da suka koɗe, sai ya gyara zama. Ya yi gyaran murya har sau biyu kafin ya ce ai akwai sauran fenti a gwangwaninsa, in ba za a damu ba.

Mai Kifi ya buɗe baki zai ce a bari, matarsa ta taka masa ƙafa. Daga baya a ɗaki ta ce, "Don Allah ka bar shi ya yi. Rabon da in ga Baba ya nemi yin wani abu har na manta."

Tsohon ya wuni a kan lambar nan. Ya kwance ta, ya wanke, ya goge, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya ciro burushinsa mai siririn baki. Abin mamaki, yana kama burushi kakkarwar ta tsaya cak. Bai canza ko ɗigo ba, sawun da ke nan ya bi baƙi bayan baƙi, har lambar ta fito tas, ta fi ranar da aka saye ta kyau. Da yamma ya ci abinci har da ƙari. Ya ma tsokani jikokinsa, ya ce rubutunsu kamar kaza ta yi tono. Mai Kifi ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce ashe gyara biyu aka yi da fenti ɗaya.

Ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago.

Ran da ya ɗauko iyayen kifin, a babban shataletale jami'an hanya suka tare shi. Sun fito da yawa ran nan, sun jera tayoyi, da motar jan motoci a gefe tana jira. An ce sabon shugaba aka kawo musu, yana son ya ga aiki. Mai Kifi ya miƙa takardu ta taga bai kashe inji ba, ƙafarsa tana kan birki, hankalinsa yana baya. Takardu lafiya lau. Har an miƙo masa, sai wani dogo mai baƙin tabarau ya zagaya baya, ya tsuguna, ya karce lambar da farce, ya shinshina yatsansa.

Ya ce a kashe mota.

Mai Kifi ya sauko da fara'arsa, ya yi bayani tiryan-tiryan: lambar ta koɗe, ɗan'uwansu ne ma ya ce a gyara, aka gyara, ga takarda a duba, baƙi ɗaya bai bambanta ba. Mai tabarau ya ce shi bai tambaye shi tarihi ba. Lamba kayan hukuma ce, ba allon shago ba, wanda ya ɗora mata fenti ya yi jabun kayan hukuma. Da aka ce ya gyara, ai sabuwa ake nufin ya je ya nema a ofis. Mai Kifi ya ce wallahi bai sani ba, ya ji ya kuma tuba, gobe da sassafe zai je, amma yanzu a yi wa Allah a bar shi ya kai kifin nan ruwa, in ya so ya dawo da motar da kansa, ko wani ya shiga su tafi tare. Ya yi ƙasa da murya ya ambaci ɗan abin shan ruwa. Mai tabarau ya nuna masa wata 'yar kyamara da ke maƙale a ƙirjinsa, ya ce yana so a ƙara masa laifi na biyu ne?

Filin da suke tara motoci yana bayan ofishinsu, an kewaye shi da waya, ƙasa duk baƙin mai, babu ko bishiya ɗaya. Babura jibge a gefe sun yi tsatsa, ga wata motar haya ciyawa ta tsiro ta cikin tagarta. Nan aka sa ya ajiye a-kori-kurar, aka karɓe makulli, aka kwance lambar aka shiga da ita ciki. Ya ɗare baya ya ɗaga raga. Ruwa ya kwanta, bakuna sun fara tasowa.

Ya diro, ya dafa gefen motar da hannu biyu, ya shiga jijjiga ta. Ya tura ta dawo, ya tura ta dawo, har ya ji ruwan yana bugun bangon tanki. Masu jiran motocinsu suka juyo suna kallo, wani direba ya ce ko jariri ne a ciki ake lallashi. Aka yi dariya, shi bai ko ɗaga kai ba.

Tsakanin jijjiga da jijjiga yake rugawa tagar ofis. Ya roƙa a bar shi ya kira wata mota a kwashe tankunan, aka ce duk abin da ke kan motar da aka kama shaida ne, ba a sauke komai sai shugaba ya sa hannu. Ya roƙa a bar shi ya ɗebo ruwa a famfonsu ya ƙara, aka ce shaida ba a rage ta, ba a kuma ƙara mata. Ya tambayi shugaba, aka ce yana taro. Matar da ke tagar ba ta da mugun nufi, har sannu ta yi masa, amma sannu ba ta kaɗa ruwa. Ya koma ya ci gaba da turi, rana tana dukan ƙeyarsa, riga ta manne masa a baya.

Da rana ta karkata sai ga mai tabarau ya fito yana sakace. Ya tsaya yana kallonsa kamar ya ji tausayi, ya ce akwai hanya ɗaya. Shi mai mota ƙaramin mai laifi ne, wanda suke nema shi ne mai yin aikin, don hannun da ya yi wannan ba yau ya fara ba. In ya faɗi sunan mai yin aikin da inda yake, sai a tura mota a ɗauko shi, shi kuwa a ba shi izinin sauke kayansa yanzu-yanzu.

Mai Kifi ya ce shi ya yi da kansa. Mai tabarau ya dubi hannayensa, kaurara, duk tsagar raga da sanyin ruwa, ya yi dariya, ya miƙa masa biro ya ce ya zana baƙi ɗaya irin wancan a tafin hannunsa. Bai karɓa ba.

Ya tsaya hannunsa a kan ƙarfe mai zafi. Ya san abin da ke cikin tankunan, ya kuma san ba zai sake tara irinsa ba, shekarun da suka rage masa ba su kai ba. Kalma ɗaya ce kawai. Sai ya hango a ransa motar jami'ai a ƙofar gidansa, maƙwabta sun fito, ana riƙo da hannun tsohon nan mai kakkarwa ana cusa shi baya, 'yarsa tana kallo. Mutumin da sai shekaranjiya ya fara ƙara abinci. Ya ji haushin tsohon, ya ji haushin matarsa da ƙafar da ta taka masa, ya kuma ji kunyar haushin.

"Yallaɓai, ban san shi ba. A hanya na gamu da shi."

"To ka ci gaba da rawa da mota," in ji mai tabarau, ya juya.

Ya ci gaba ɗin, har kafaɗunsa suka daina jin komai. Da lokacin tashi ya yi aka kaɗa ƙararrawa, aka ce kowa ya fita. Ya roƙi maigadi ya bar shi ya kwana a ciki, maigadi ya ce shi ma da iyali yake, aikinsa zai rasa. Ya ce to ko zai riƙa ɗan taɓa masa motar lokaci-lokaci? Maigadi ya ce zai duba, irin dubawar da duka biyun suka san ba za a yi ba. Aka ja ƙofa aka sa kwaɗo. Ya daɗe riƙe da wayar shingen yana kallon tankunan daga nesa, babu abin da ke motsi.

A gida ya so ya ɓoye, ya ce takardu ne suka samu matsala. Amma gidan ƙarami ne, bango ba ya riƙe magana, kuma matarsa ba ta iya kuka a hankali ba. Da gari ya waye ya fito, ya tarar da tsohon a ƙofar gida cikin rigarsa ta fita unguwa, gwangwanin burushi a hammata. Ya ce Baba ya koma ciki, babu amfani. Tsohon ya wuce gaba abinsa. Wa zai ja da suruki a bakin titi?

Tun daga ƙofar filin warin ya tare su. Tsohon hancinsa ya daɗe da mutuwa, bai ji komai ba, ya miƙe kai tsaye zuwa taga. Ya ɗora gwangwanin a kan kanta, ya ce shi ne ya yi fentin, ga kayan aikin, a kama shi a sakar wa yaron nan kifinsa. Matar tagar ta dube shi, ta dubi gwangwanin, ta ce wane fenti? Sai ta tuna. Ta ce ai shugaba ya duba maganar da safe, ya ce wannan ba abin riƙe mota ba ne, gargaɗi ya isa, a nemi sabuwar lamba kawai. Mai tabarau kuwa yau ba shi da aiki. Ta turo makulli ta ƙasan gilashi, ta ƙara da cewa don Allah a yi sauri a fitar da motar, ta dame su da wari.

Mai Kifi ya hau baya ya ɗaga raga. Fararen cikuna ne fal, sun rufe ruwan, ƙudaje sun riga shi zuwa. Ya sa hannu ya juya guda, babbar uwar nan ce mai tabo a wutsiya, wadda ya fi kowace sani. Ya mayar da ragar a hankali.

Tsohon yana ƙasa, tsayinsa bai kai ya ga cikin tanki ba. Ya ɗago kai ya ce, "Mun same su? Da sauran numfashi?"

Mai Kifi ya zuba wa ragar ido. Tsohon ya ɗauki shirun a matsayin ba a makara ba. Ya ajiye gwangwaninsa a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya dafa gefen motar kamar yadda ya ji ana faɗa ta bango jiya, ya fara turi da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Motar da kyar take motsi. Hannun yana kakkarwa a kan ƙarfen, yana turi yana cewa ya sauko ya taya shi mana, ya tsaya kallon me?

Mai Kifi ya sauko. Ya tsaya kusa da shi, ya ɗora hannayensa a gefen na tsohon, suka tura tare, ruwan ya fara bugun bangon tanki.