Kunnen Mista Lucius

"Sista Odessa, kira 'yarki ta sauka daga kan goɗiyar nan."

Muna jingine da shingen filin sukuwa na garinmu Lexington, da sassafe, kofin gahawa a hannuna. Na juya na dubi Mista Lucius Overby a kekensa na guragu, bargo har wuya, idanun nan fari fat da yana. Shekara shida ke nan bai ga ko tafin hannunsa ba. 'Yata Vernita kuwa ta wuce mu a guje kamar iska, tana motsa jinin wata goɗiya ja da za ta yi tsere ran Asabar.

Na ce masa ya sha gahawarsa ya bar mutane su yi aiki. Gaskiya ni haushi ma nake ji. Likita ya ce zuciyarsa ta kusa tsayawa, amma ya dame ni kwana uku sai na kawo shi ya ji ƙarar kofato. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, katanga ɗaya, kuma ban taɓa yarda da rabin labaransa ba. Wai yana ɗan shekara goma sha uku ya fara hawa a wasannin ƙauye. Wai da fararen mahaya suka dinga matse baƙaƙe a jikin shinge har suka kore su daga manyan filaye, shi ya bi ƙananan filaye har ƙasar Kuba, ya ci tsere ɗari huɗu, ya karye sau tara. To ina sunansa? Ko a bangon shagon aski babu hotonsa.

"Ƙafar gaba ta hagu," ya ce a hankali. "Tana ajiye ta da wuri, tana ɗauke ta da wuri. In ta sake zagayowa a guje, ƙashin zai karye, yarinyar kuma tana ƙarƙashi."

Na ajiye kofin, na hau ɗaga hannu ina ƙwala kiran Vernita kamar mahaukaciya.

Ta juyo da goɗiyar ta zo, mai horar da dawakin Mista Gatewood na biye da ita, fuska ja wur, agogo a hannu. Ya shafa ƙafar ya ce ko zafi babu, ya tambaya ko yanzu makafi ne ke duba masa dawaki. Ya ce wa Vernita ta ƙarasa zagayen ko ta ajiye sirdinsa ta nemi wata bargar. Shekara huɗu ta yi tana kwashe kashin doki kafin a ba ta wannan hawan.

Vernita ta dubi tsohon. "Mista Lucius, ka tabbata?"

"'Yata, sautin nan sau ɗaya na ji shi ban sauka ba. Shi ya sa nake cikin keken nan."

Ta zare ƙafa daga likkafa ta diro. A nan take aka sallame ta. Muka koma gida, ni ina tuƙi ina cin rai, shi kuwa har da gyangyaɗinsa.

Washegari mai goɗiyar ya ji labari, ya sa likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashin. Tsaga ce siririya kamar silin gashi, a ƙafar gaba ta hagu. Likitan ya ce hannu ba ya jin irinta, ido ba ya ganinta. Na tsallaka gidan Mista Lucius da kwanon wake da burodin masara, na gaya masa, na kuma roƙe shi gafara a kan shekara ashirin. Ya yi dariya, ya ce waken nawa har yanzu gishiri ya yi masa yawa. Cokali biyu ya ci.

Ran Asabar da hantsi Mista Lucius ya cika, a kujerarsa ta baranda. Ran jana'izarsa mu goma sha ɗaya ne a coci, har da fasto. Babu jaridar da ta rubuta ko layi ɗaya.

Daga maƙabarta Vernita ta bi da mu ta gonar da aka kai goɗiyar jinya. Goɗiyar tana tsaye a ƙaramin fili, ƙafa naɗe da farin bandeji, tana tsinkar ciyawa. Vernita ta fita da baƙar rigarta ta nufi shingen. Ni na zauna a mota, ina kallon 'yata tana taka ciyawa da ƙafafunta biyu.