Jakin da Mudi Ya Tsinta

Duk ƙauyen Ba'awa an san ƙa'idar tsintuwa. In dabba ta ɓato gonarka, ka ɗaure ta, ka ba ta harawa, ka gaya wa mai unguwa a yi cigiya ranar kasuwa. Haka Mudi manomi ya yi da wani jaki, bai tsallake ko ɗaya ba. Sai dai mai unguwa Uba, mutumin da in ya ga goro yakan manta sunan kakarsa, ya sha'afa da zancen.

Mai jakin, wani Lawal, ya gano abinsa a turken Mudi, ya kawo 'yan doka. Da aka tambayi Uba sai tsoro ya kama shi, ya ce shi bai ji komai ba. Aka ɗaura wa Mudi igiya a ƙugu, aka zaga da shi kasuwar Ƙafin Maiyaki ana yi masa ature. Wata shida ya yi a kurkuku.

Ɗaurin bai yi masa ciwo kamar dawowarsa ba. In ya shigo masallaci sai ka ga mutane suna jan takalmansu kusa da su. Kai, wannan abu ya ci masa rai.

Matarsa Safara'u kuwa ba ta zauna ba. Kullum da safe sai ta je ƙofar gidan Uba ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, ko an tuna?" Ba zagi, ba kuka. A wata na takwas tsohon ya gaji da kansa, ya je gaban alƙali ya faɗi gaskiya.

Alƙali ya yanke hukuncin a biya Mudi diyya.

"Allah ya gafarta malam, na karɓa, haƙƙina ne," in ji Mudi. "Amma ba a zauren nan aka kira ni ɓarawo ba. A kasuwa ne."

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce ya ji.

Ranar kasuwa Mudi ya sa farar rigarsa ya hau jakin nan, Lawal na riƙe da igiya. Mai shela na gaba yana cewa, "Jama'a, Mudi na Ba'awa amana ya riƙe, ba sata ya yi ba!" Duk rumfar da aka bi da shi a ɗaure sai da aka sake bi. Bai harari kowa ba. Gaisuwa kawai yake amsawa, zuciyarsa fari tas.

Da damina ta zagayo, wata akuya ta ɓato gonarsa.

"Maigida, don Allah kore ta," in ji Safara'u.

Mudi ya ɗaure ta a turken nan dai, ya zuba mata harawa, ya ɗauki sandarsa ya nufi kasuwa, ya yi cigiyar da bakinsa.