Matar Ƙarshen Layi

Shekarar da fara ta cinye hatsi yunwa ta biyo baya, Inde ta goya ɗanta Sadiƙ daga ƙauyensu na bakin tabkin Madarumfa zuwa Maraɗi, inda aka ce likitoci na karɓar yara masu tamowa. Ta tarar mata sun yi layi har bayan katanga, ta tsaya a ƙarshe. Wajen azahar sai ta ji goyon ya yi mata nauyi, nauyin da ba na barci ba. Ba ta kwance zanen ba. Ta ci gaba da bin layi har gaban likita, shi ya sauke mata yaron.

Mijinta Maman ya iso da la'asar. Shi da waɗansu maza suka kai yaron makwancinsa a nan Maraɗi, ita tana zaune gindin itacen bedi.

Bayan 'yan shekaru ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyen neman matan da za su sa kai, su riƙa auna damtsen yara, ba albashi. Inde ce ta fara miƙewa. Aka ba ta madaurin awo mai launi uku: kore lafiya lau, ɗorawa a kula, ja a garzaya asibiti.

Ranar awon farko ta hango wata. Mace ce a ƙarshen layi, da shuɗin zane koɗaɗɗe, ta lulluɓe goyonta har ka, ta sunkuyar da fuska. Inde ta yi sauri ta sallami na gaba. Da ta ɗago, babu ita.

Ta tambayi maƙwabciyarta Sakina, "Ina mai shuɗin zanen nan ta yi?"

"Wace? Duk wadda ta zo yau kin auna ɗanta."

Inde kuwa ta san zanen. Yana can ƙasan akwatinta, tun dawowarta daga Maraɗi ba ta sake ɗaura shi ba.

Daga nan ta koma fara awo ta baya. Masu sammako suka yi gunaguni, ta ce musu, "Mai lafiyayyen ɗa ke rigan zuwa. Wadda nata ya kwana yana zawo, a makare take isowa." Haka kuwa abin yake, a can baya take samun masu ja. Amma matar ba ta daina zuwa ba. Duk gefen da Inde ta fara, sai ta hango ta a ɗaya gefen.

Yaran da ta auna suka girma, waɗansu har suka kawo mata nasu. Da zaɓen gundumomi ya matso, matan ƙauyukan bakin tabki suka zo suka cika mata tsakar gida, suka ce ita suke so ta tsaya kansila.

Maman ya ce, "Siyasa ba awon hannu ba ce, Inde. Za a zage ki."

"Malam, na ga abin da ya fi zagi."

Ta tsaya, ta kuwa ci.

A zauren meri, wato majalisar gunduma, takardu da Faransanci suke. Inde ta ce a riƙa faɗa mata da Hausa, aka yi. Ranar da aka zo shawara tsakanin rumfunan kasuwa da ɗakin shan magani, masu son rumfuna suka fi yawa, kuma suna da hujjarsu. Ta taga Inde na hangen mutanen da ke jiran takardun haihuwa, ga mai shuɗin zane can bayansu a rana. Ta miƙe. Ba ta yi maganar ɗanta ba. Ta dai ba su labarin hanyar zuwa asibiti, yadda damina ke yanke ta, da yadda yaro mai zazzaɓi yake zama bayan ya wuni bisa amalanke.

An amince da ɗakin, amma a wani ƙauye da ya fi zama tsakiya, ba nasu ba. Ta ɗaga hannu tare da sauran. Mutanen garinsu suka daɗe suna yi mata ciki-ciki da gaisuwa.

Bayan an aza harsashin ginin ta ce wa Maman, "Malam, ka kai ni in ga inda kuka sa shi."

A cikin motar Maraɗi ta ba shi labarin matar, karon farko. Ya daɗe yana kallon gonaki, sannan ya ce, "Ni kuma tun ranar ban sake iya haƙar kabari ba. In an yi rasuwa, ɗaukar ruwa nake."

Maƙabartar ta faɗaɗa, an zagaye ta da katanga. Inde ta tsaya bakin ƙofa, shi ya shiga. Ya ce kusa da wata aduwa ne, amma aduwar babu ita. Tana kallonsa yana kai da komo tsakanin ƙananan kaburbura, tsoho da sanda, ya tsaya nan, ya matsa can. Ya dawo idonsa jajir.

"Ban gane wurin ba."

"To yi musu addu'a su duka."

Suka ɗaga hannuwa, suka shafa. Sannan suka taka a hankali zuwa tasha, suka sami motar Madarumfa ta kusa cika.