Shafin Ƙarshe na Irmiya

Tabita ta ɗora hannu a kan injin kafin Manzo ya kai ga wayar wuta.

"Ba za ka taɓa shi ba sai na ga aikin mijina ya fito."

Manzo ya dubi agogo. Daga Keita furojensu, ƙungiyar da yake wa aiki, ya aiko shi ya ɗauki tsohon ordinatar ɗin biron magani, wato kwamfutar ofishin, wanda asibitin mishan ya ba su. Umarnin da aka ba shi ke nan: a goge komai kafin ya fita ƙofa, saboda sunayen marasa lafiya. Mota kuma za ta tashi da la'asar.

A kan wannan injin Irmiya, mijin Tabita, ya yi shekara huɗu yana aikin akawu. Da hutun rana ba ya zuwa gida cin abinci, sai ya zauna yana buga tarihin danginsu na Sabon Gida da waƙoƙin zumuntar mata, wai don 'yarsu Ni'ima in ta girma. Sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar nan, kwana uku kacal. Yau kwana arba'in da biyu.

Jonatan, wanda suka yi aiki tebur ɗaya da marigayin, ya ɗaga wani baƙin disket, ɗan faifan da ake ajiye rubutun injin a ciki.

"Maman Ni'ima, shi kaɗai ya rage mai kyau a biron nan. Rubutun kuma ya fi ƙarfinsa. Takardar da za ta ɗauke shi duka ba mu da ita. Sai dai a matse shi."

"A matse?"

"Akwai furogaram da ke ƙanƙantar da rubutu. In ana so a karanta, sai a kwance, ya dawo yadda yake."

Tabita ta taɓe baki. Ta san matsewa. Tun tana yarinya take daka ganyen albasa tana dunƙula gabu, kuma ba ta taɓa ganin dunƙule ya koma ganye ba.

"Me yake zubarwa?"

"Ba ya zubar da komai."

"To ina ragowar take zuwa?"

Manzo ya yi dariya, ya zaro nasa disket daga aljihu. "Madam, bar na Jonatan, ya tsufa. Ga nawa, wani abokina ya ba ni a Yamai. Ya fi matsewa, kuma kyauta ne."

"Nawa ma kyauta ne," in ji Jonatan. "LHA sunansa. Wani mutumin Japan ya rubuta shi, ya sakar wa duniya."

Kalmar kyautar nan ce ta fi tsaya mata a rai. Tun rasuwar, duk wanda ya shigo gidanta da kyauta, kafin ya fita sai ya tambayi babur ɗin Irmiya ko gonar fadama.

"Mutumin Japan ya san Irmiya?"

"A'a."

"To me zai samu?"

Jonatan ya sosa ƙeya. "Wallahi ban sani ba. Amma shekara uku muna aiki da shi."

Ta juya ga Manzo. "Kai kuma, naka wa yake da shi a Madawa?"

"Tukuna babu."

"A Buza?"

"Madam, sabo ne fa. In kina son karantawa, ki zo Keita, ni zan buɗe miki."

"In aka ɗauke ka daga Keita fa? Ko Allah ya yi maka abin da ya yi wa mai rubutun?"

Manzo ya mayar da disket ɗinsa aljihu, fuska a ɗaure. "Ni taimako na yi niyya."

"Na gode. Jonatan, naka za a iya sa shi a nan ciki, tare da rubutun?"

"Ƙarami ne, zai shiga. Duk injin irin wannan da aka kai shi, zai buɗe."

"Gwada in gani. Ban yarda ba tukuna."

Jonatan ya zauna. Allon baƙi ne, babu hoto, sai fararen haruffa. Ya buga layi ɗaya, injin ya yi ta ƙugi, ɗigo-ɗigo na bin juna a kan allo. Da ya gama, ta sa shi ya kwance abin da ke cikin disket ɗin a wani wuri dabam. Karatunta bai wuce aji uku na lakwal, makarantar boko, ba, don haka ta ce ya karanta da ƙarfi. Ya karanta farko: sunan kakan Irmiya da rijiyar da ya gina. Ya karanta wata waƙa daga tsakiya, ta bi shi da leɓe, babu baitin da ya ɓace.

"Ƙarshe," ta ce.

Jonatan ya gangara ƙasa. "Shekarar da na fara ganin Tabita a bakin asibiti tana sayar da ƙosai, ban saya ba, domin..." Ya ɗago kai daga allon.

"Domin me?"

"Nan ya tsaya."

Ta miƙe tsaye. "Ka gani? Na faɗa muku! Ya cinye! Kyauta, kyauta, ga shi ya yanke masa magana a baki!"

"Zauna, Maman Ni'ima. Bari mu duba na asali."

Ya buɗe wanda Irmiya ya bari da hannunsa, wanda ba a matse ba. Tabita ta matso, ta ɗora yatsa a kan gilashin, tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya har ta kai kalmar ƙarshe. Domin. Bayanta babu komai. Jonatan ya fito da jerin sunayen aikin, ya nuna mata ranar da ke gefe, ranar ƙarshe da aka taɓa rubutun. Talata ce. Ranar da Irmiya ya dawo gida da azahar, ya ce wuyansa ya ƙi juyawa.

Ta daɗe yatsanta na wurin. Manzo bai sake duban agogo ba.

Sai ta karɓi disket ɗin, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ƙulli biyu.

"Bai ci komai ba," ta ce. Ta janye daga gaban injin. "Malam Manzo, goge."